Ƙahon da Baba Ya Ƙi Kashewa

Jiya da hantsi gas ɗin maƙwabciyata ya ƙare, ta jawo tsohon risho daga ƙarƙashin gado ta kunna. Warin kananzir ya tsallako katanga ya same ni ina yankan kuɓewa, sai na ajiye wuƙar. Wataƙila a wurinka wari ne kawai mai sa ciwon kai. Ni a wurina warin babana ne. Man jirgin sama ɗan uwan kananzir ne, kuma duk wankin da za a yi wa rigunan Baba warin nan ba ya barin su. Tun yana zaure nake sanin ya iso.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Kazaure, a gindin duwatsu, inda da bazara dutse ke riƙe zafin rana har bayan magariba. Baba makanikin jirgin sama ne a Kano. Mutanen garinmu ba su taɓa gane wannan sana'a sosai ba. Sun san makanikin babur, sun san mai gyaran injin niƙa, amma mutum ya ce yana kwance abin da ke tafiya a sama yana ɗaurewa, sai su gyaɗa kai kawai don kada su ƙaryata shi a gabansa. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka ana yaye ni aka kawo ni wurin kakata, wadda duk gidan ke kira Inna. A ɗakinta na tashi, a bayanta na yi barci, kuma ni kaɗai ce a gidan nake iya ce mata tsohuwa mai rowar daddawa in kwana lafiya.

Baba shi ne ɗan farin Inna, kuma ita mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mutumin Kano take ce masa. Idan ya zo ranar Juma'a da yamma, zai tsuguna a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuwa sai ta juya fuska wajen bango ta ce da ni, "Ce masa lafiya lau." Ni kuma in juya in ce masa lafiya lau, alhali ya ji da kunnensa, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Baƙo zai ɗauka ba ta damu da shi ba. Amma duk ranar Juma'a tun da safe take aikena rugar Fulanin da ke bayan dutse in karɓo kindirmo, ta dama fura da hannunta a wata ƙwarya da ba mai taɓa ta, ta rufe da faifai ta ce, "Kai wa baƙon can, kada a ce gidanmu ba a ba baƙo ruwa." A wannan ƙwaryar take faɗin duk abin da bakinta ba ya faɗa.

Ina shekara tara Allah ya nufe ta da kujerar Makka. A shekarar, aikin Hajji ya faɗo a tsakiyar bazara, rijiyoyi sun yi ƙasa, kaji suna yawo baki buɗe. Inna ta yi sallama irin ta mutanen da, waɗanda idan za su Makka ba sa sa rai da dawowa. Kwana uku tana bin gida gida tana neman yafiya, har gidan matar da suka yi shekara goma ba sa ga maciji saboda akuya ta ci rama. Ta hau bayan babur ta je Gwiwa ta yi bankwana da ƙanwarta. Ta kai awakinta ruga, ta miƙa wa matar Baffa, ƙanen Baba, tukunyar daddawarta, ni kuma ta cire 'yan kunnenta ta damƙa mini. Kowa ya ba ta saƙon addu'a, wannan haihuwa, wannan miji, wannan ciwon ƙafa. Su bakwai ne daga yankinmu. Ranar tafiya gari ya rako su har bakin titi, Inna cikin atamfar maniyyata sabuwa fil, ana ta kiranta Hajiya tana cewa a bari sai ta je ta dawo.

Kwana shida bayan haka, da azahar, ina tsakar gida na ji yara a waje suna ihu, "Hajiya ta dawo! Hajiya ta dawo!" Na fita da gudu ina murna, don ni ban san kwana nawa ake yi a Makka ba. Na gan ta tana tahowa daga bakin titi, jakarta a ka, atamfar nan ta yi ƙura, ba ta kallon kowa. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Labarin a bakin sauran maniyyatan aka ji shi. Jirginsu shi ne na ƙarshe. Sun shiga, an rufe ƙofa, jirgi ya hau titinsa, injin ya yi ruri har suka fara kabbara, sai kuma rurin ya mutu, jirgi ya juyo da su. Aka sauke su aka mayar sansanin alhazai, aka ce gyara kaɗan ne. Gyaran ya ci kwana biyu. To, can ƙasar akwai ranar da suke rufe filin jirginsu ga maniyyata kafin Arfa, kuma kafin a gama gyaran ranar ta wuce. Tun suna sansani magana ta zaga cewa jirgin lafiyarsa ƙalau, wani makaniki ne ya ƙi sa hannu a littafi, kuma jirgi ba ya tashi sai makaniki ya sa hannu. Ba a daɗe ba aka gano ɗan wa ne.

Mata suka yi ta zuwa jaje, amma jajen da ƙaya a cikinsa. Wata tsohuwa ta unguwar gabas, wadda kujerarta ke kusa da ta Inna a jirgin, ta tsaya a ƙofar ɗaki ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Ke kam kin haifi ɗa mai sonki. Ya ji tsoro saboda uwarsa na ciki, ya hana mu duka. Ni kuwa ban san ko zan ga baɗi ba." Daga ranar Inna ta daina cin abinci sai ɗan koko, shi ma sai na yi kuka. Ranar Arfa na kunna mata rediyo don ta ji talbiyya, ta ce in kashe. Ina kwance a bayanta da rana na ji tana magana ita kaɗai a hankali, tana cewa jirgi guda na bayin Allah a wuyanta, da me za ta tsaya gaban Ubangiji. A lokacin na ɗauka rashin zuwa Makka ne ke cinta. Sai da na girma na gane cewa wannan ta karɓe shi a matsayin ƙaddara tun a mota. Abin da ya hana ta barci shi ne a ce saboda ita aka hana wasu.

Baba ya iso jajiberin Sallah da rago. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa, asabari bai motsa ba, ba a ce in ce masa komai ba, kuma ba ƙwarya. Ya daɗe a tsugune kafin ya tashi. Ni abin ya fi ƙarfina, na koma bayan rumbu na yi kuka, don ban san wanda zan ji wa haushi ba a cikinsu.

Da na kai ruwa zaure na tarar Baffa yana ba Baba shawara. Baffa mutumin kirki ne, irin mutanen da ke ganin ba matsalar da magana mai daɗi ba za ta gyara ba. Yana cewa, "Yaya, abin nan mai sauƙi ne. Ka ce fiffiken ya tsage, da sun tashi da sun faɗo. Ka ce ba za ka iya sa uwarka a ciki ba. Wace uwa ce za ta ji haka ba ta huce ba? Gari ma ya yi shiru." Baba ya kurɓi ruwa ya ce, "Fiffiken bai tsage ba." Baffa ya ce to wa ya gani. Baba ya ce shi ya gani.

Ranar Sallah aka yanka rago, aka gasa hanta aka kai wa Inna kamar yadda aka saba, ta dawo yadda aka kai ta. Washegari bayan la'asar, inuwa ta fara saukowa daga katangar yamma, Baba ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa daidai ƙofar ɗakin Inna, wurin da bai taɓa zama ba. Ya kira ni ya ce in kawo faifai, wai zai koya mini yadda jirgi ke tashi. Ban tambaye shi ba, kuma shi ba mai yawan hira da ni ba ne, don ni ma 'yar fari ce. Amma ko ina yarinya na gane ba ni ce ɗalibar ba, musamman da na ji yadda ya ɗaga murya.

Ya ce in riƙe faifan a gabana, in ɗaga bakinsa na gaba kaɗan, in ruga da gudu zuwa turken awaki. Na ruga, na ji faifan yana neman ƙwacewa sama. Ya ce to haka fiffike yake, iska ce ke ɗaukar jirgi, injin tura shi kawai yake yi. Kafin a tashi, matuƙi yana sa gefen fiffike na baya ya zame ya sauko, fiffiken ya ƙara faɗi, don jirgi mai nauyi ya samu ya ɗaga kafin titi ya ƙare. Sannan ya karɓi faifan ya kafa tafin hannunsa a tsaye a kansa. Ya ce a bayan fiffike akwai wasu alluna na ƙarfe a kwance, su a wurin aiki sifoila suke ce musu. Idan jirgi ya sauka ya taɓa ƙasa sai su miƙe tsaye, su ɓata iskar da ke bin fiffiken, fiffike ya daina ɗauka, nauyin jirgi ya zauna a kan tayoyi, birki ya samu abin kamawa. Ya ce wajen sauka rahama ne. Amma in suna tsaye lokacin tashi, jirgi zai yi ta gudu har titi ya ƙare bai bar ƙasa ba.

Ya ce matuƙi ɗan Adam ne, yana gajiya, yana mantuwa, balle lokacin jigilar alhazai da ake kai da kawowa ba hutu. Shi ya sa aka sa wa jirgi ƙaho. Da zarar matuƙi ya tura totur zai tashi, jirgin da kansa yake bincikawa: fiffike ya buɗe, allunan sun kwanta, an daidaita wutsiya, an saki birkin ajiya? In ɗaya bai yi ba, ƙaho ya fasa ihu a ɗakin matuƙi, shi kuma ya janye hannunsa ya tsaya. Ya ce ran nan abin da ya faru ke nan. Ƙaho ya yi ihu, matuƙi ya dawo da jirgi.

Na ce, "To allunan ne suka miƙe?"

Ya ce a'a, a kwance suke lafiya lau, shi da kansa ya hau ya duba. Wani ɗan makunni ne a ƙarƙashin hannun da matuƙi ke ja ya ɗaga su ya lalace, yana gaya wa ƙaho ƙarya. Girmansa bai kai dabino ba, kuma babu irinsa a sito, sai da aka aiko da shi daga nesa. Manyansa suka ce ai ido ya ga komai daidai, ya zare fiyus ɗin ƙahon ya sa hannu, lokaci na ƙurewa. Ya ce amma in an zare, ƙahon ya mutu gaba ɗaya, ba a kashe masa tambaya ɗaya a bar masa uku. Jirgin nan zai tashi daga Kano, ya sake tashi daga Jidda, kuma in a ɗayan tashin nan wani ya manta bai buɗe fiffike ba, babu abin da zai gaya masa. Ƙa'idar aikinsu ma ba ta yarda jirgi ya tashi da mataccen ƙaho ba.

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Da an tashi, da an faɗo?"

Baffa yana tsaye a bakin rumbu yana yi masa alama da ido. Baba ya ce, "Ban sani ba. Mai yiwuwa ma da sun sauka lafiya lau." Baffa ya yi tsaki ya juya baya.

Sai muka ji muryar Inna daga cikin ɗaki, ta dishe saboda kwanakin da ta yi ba ta magana. "Ke. Tambaye shi. Don ina ciki ya ƙi sa hannun?"

Na juya na maimaita. Baffa ya juyo da sauri yana gyaɗa kai, yana nufin ka ce e, ga ƙofa ta buɗe. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ce mata a'a. Ce mata bara ma na tsayar da jirgin 'yan kasuwa a kan irin wannan, ban san kowa a ciki ba. Da tana ciki da ba ta ciki, ba zan sa hannu ba."

Wallahi a raina na ce Baba ya gama ɓata komai. Wane irin ɗa ne za a ba shi dama ya ce don uwata na yi, ya ce a'a? Na faɗa mata da ƙaramar murya. Ta ce in tambaye shi ko zai rantse. Ya rantse. Sai asabari ya ɗaga. Inna ta fito ta rame, idonta ya faɗa, ba ta kalli inda yake ba, ta ce in miƙo mata mayafi da takalmi.

Na bi ta a baya har unguwar gabas. Ta yi sallama a gidan tsohuwar nan, ita ma ba ta zauna ba, ta ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Na zo in gaya miki, mutumin Kano ba don ni ya yi ba. Taurin kai ne irin na ubansa, da shi aka haife shi. Ko ke kaɗai ce a jirgin haka zai yi miki. Allah ya kai mu baɗi." Ta juya muka taho. A hanya ta ce yunwa take ji, ko an bar mata wani abu a ragon nan, ko mun cinye mu 'yan baƙin ciki. Washegari da sassafe ta tashe ni ta ce in je ruga.

An mayar wa waɗanda aka bari kujerunsu a shekara mai zuwa. Tsohuwar unguwar gabas ta je ta dawo da haƙorin Makka, ta yi shekaru tana nuna shi. Inna ba ta je ba. Bayan an gama girbin gero ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, ta yi wata huɗu a kwance, Allah ya karɓi abinsa kafin a fara kiran maniyyata. Atamfar nan tana cikin kayan da aka raba.

Yanzu abubuwa sun sake. Alhazan jiharmu daga Dutse suke tashi, kuma mai tafiya ba ya bin gida gida, saƙon neman yafiya yake turawa a waya, kowa ya amsa da ɗan hoton hannu. Ni kaina ɗana na fari da sunansa nake kiransa, har in ƙwala masa kira daga kicin, abin da da Inna ta ji sai ta toshe kunne. Ban ce namu ya fi ba, ban ce nasu ya fi ba. Na dai san mu muna faɗin komai, kuma ban tabbata ana jinmu fiye da yadda ake jinsu ba.

Baba ya yi ritaya ya koma gida, kunnensa ɗaya ya tafi saboda ƙarar injin. Duk shekarun da ya yi yana tura jiragen alhazai, shi bai taɓa shiga ɗaya ba, kuma duk lokacin da muka ce za mu haɗu mu kai shi sai ya kawo wani uzuri. Da Sallar da ta wuce na same shi a zaure shi kaɗai, na zauna ta wajen kunnensa mai ji, na tambaye shi ko ya taɓa nadamar abin nan. Ya ce sa hannun kam ko yau ba zai sa ba. Sai ya ce akwai abin da ban sani ba, Baffa ma har ya rasu bai sani ba. Sunan Inna a jirgi na biyu ya fito. Shi ya je ya yi ta roƙo aka mayar da ita na ƙarshe, saboda ranar ce yake bakin aiki, yana so jirgin da zai ɗauki uwarsa ya zama shi ya duba shi da hannunsa. Jirgi na biyu ya tashi lafiya, ya sauka lafiya.

Na tambaye shi ko ta sani.

Ya ce ya gaya mata tana kwance, wata ranar Juma'a da ya iso da wuri ya tarar an aike ni ruga, don bai so maganar ta bi ta bakina. Ya durƙusa a gefen gadonta ya faɗa mata duka, ya ce ta yafe masa, shi ya hana ta Makka. Ya ce ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta juyo da fuskarta gare shi, da karkataccen bakin nan ta ce, "To wa kake so ya duba mini in ba kai ba?"

Baba ya ce, "Shekarata arba'in da biyu a duniya, ranar ta fara ce mini kai."

Ya jawo butarsa ya fita alwala, alhali da sauran sa'a guda kafin a kira la'asar.